An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Fushin Masoya Tseren Formula 1

Nicholas Latifi bai taɓa lashe tsere ko ɗaya ba a gasar Formula 1, bai ma taɓa shiga sahun ukun farko ba. Ɗan Kanada ne da ya tuƙa wa kamfanin Williams daga 2020 zuwa 2022, kuma motarsa a lokacin tana cikin 'yan kurar baya. Ranar 12 ga Disamba 2021, a filin Yas Marina da ke Abu Dhabi, yana can ƙarshen layi suna ja-in-ja da Mick Schumacher a kan matsayin da ko maki ɗaya ba ya kawowa, sai mota ta ƙwace masa a wata kwana ta daki katanga, saura zagaye biyar a tashi. Irin wannan haɗari ba baƙon abu ba ne a wannan wasa. Amma bayan kwana tara sai ga Latifi ya fitar da doguwar sanarwa yana cewa zagi da barazanar kisa sun yi masa yawa, har ya cire Instagram da Twitter daga wayarsa na wasu kwanaki. Daga baya ya bayyana cewa da ya je Landan sai da ya ɗauki masu tsaron lafiyarsa.

Ba za a gane yadda direban da ba ya cikin lissafin kowa ya zama abin tsanar mutanen da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, sai an san abin da ake nema a wannan dare. Lewis Hamilton na Mercedes da Max Verstappen na Red Bull sun iso tseren ƙarshe na shekara kunnen doki, kowa da maki 369.5, abin da rabon a gan shi tun 1974. Hamilton, ɗan Birtaniya, yana neman kofi na takwas da zai sa ya zarce Michael Schumacher. Verstappen, ɗan Holan mai shekara 24, na farko yake nema wa kansa da ƙasarsa. Hamilton ya karɓe gaba tun daga tashi, kuma lokacin da Latifi ya yi haɗari ya ba abokin hamayyarsa ratar fiye da daƙiƙa 10. A wannan wasa, wanda ya ba ka irin wannan rata saura zagaye biyar ya gama da kai.

Haɗarin ne ya sa aka fito da motar kariya. Aikinta shi ne ta shiga gaban 'yan tsere ta rage musu gudu har a kwashe tarkace, kuma da zarar ta fito, duk ratar da na gaba ya tara ta narke ke nan, domin kowa zai zo ya jeru a bayanta. Red Bull ba su da abin asara, sai suka kira Verstappen ya shigo aka sa masa sababbin tayoyi masu laushi, waɗanda suka fi kama ƙasa. Su kuwa Mercedes gaba kura baya sayaki. In suka kira Hamilton ya shigo, Verstappen zai ƙi shiga ya karɓe gaba, kuma in tseren ya ƙare a bayan motar kariya, sun miƙa kofi da hannunsu. Suka bar shi a kan tsofaffin tayoyi masu tauri da suka ci zagaye kusan 40. Bisa yadda aka saba aiki da doka, lissafinsu bai kuskure ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin Hamilton da Verstappen akwai motoci biyar da na gaba ya riga ya yi wa zagaye: na Norris, Alonso, Ocon, Leclerc da Vettel. Sashe na 48.12 na dokokin gasar ya tanadi cewa idan aka bar irin waɗannan motoci suka wuce, motar kariya sai ƙarshen zagayen da ke biye za ta fita. Da an bi wannan, da babu sauran lokacin sake tsere, Hamilton zai ƙetare layi a hankali ya ɗauki kofinsa. Daraktan tsere, Michael Masi ɗan Ostareliya, da farko ya sanar cewa ba wanda zai wuce. A zagaye na 57 sai ya sauya magana, ya ce waɗannan biyar ɗin kawai su wuce, sauran ukun da ke baya su tsaya inda suke, kuma ya janye motar kariya a wannan zagayen. Carlos Sainz na Ferrari, wanda ke na uku, aka bar masa motoci a gabansa kamar shi ba tsere ya zo yi ba. Saura zagaye ɗaya, sabuwar taya a bayan tsohuwa. Verstappen ya wuce a kwana ta biyar ya zama zakara. Abin da ya ƙara wa masoyan Hamilton zafi shi ne shi kansa Masi, a tseren Nürburgring na Jamus a 2020, ya taɓa bayyana cewa doka ta tilasta a bar dukkan motocin da aka yi wa zagaye su wuce.

A ganina maganar ba ta da wuyar yankewa. Masi ya karkata doka domin kada tseren shekara ya ƙare babu armashi, kuma karkatawar ta sauya wanda ya ɗauki kofi. Verstappen bai yi laifin komai ba, dama ce ta faɗo masa ya ɗauka, kuma a shekarar ya ci tsere 10, Hamilton 8. Latifi kuwa ko kusa da maganar bai zo ba. Mercedes sun kai ƙara a daren, alƙalan tsere suka kore ta da hujjar cewa darakta na da cikakken iko a kan motar kariya. Sun yi shirin ɗaukaka ƙara, sai suka janye ranar 16 ga Disamba. A Fabrairun 2022 FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ƙarƙashin sabon shugabanta Mohammed Ben Sulayem, ta cire Masi daga muƙaminsa, a watan Maris kuma ta fitar da rahoto mai cewa kuskuren ɗan Adam ne, babu mugun nufi, sakamako kuma ya zauna daram. Wato hukuma ta amsa cewa an yi ba daidai ba, ta kuma ce ba za a taɓa sakamakon ba. Irin wannan hukunci ba ya kashe wuta, hura ta yake yi. Masoyan Hamilton suka samu takardar da za su riƙa nunawa, masoyan Verstappen suka samu kofin da za su riƙa ɗagawa, har yau kuma in ana son tayar da ƙura a kafafen sada zumunta, ambaton Abu Dhabi ya isa.

To me ya sa fushin ya tsallake hukuma da dokokinta masu harshen damo ya sauka a kan direban Williams? Babban dalili yana cikin yanayin wasan kansa. Wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ya san cewa ko alƙali ya yi son kai, kowa ya ga abin da idonsa: ga ƙafar da ta taɗe ɗan wasa, ga hannun da ya taɓa ƙwallo, a maimaita hoto a yi gardama a tashi. A Formula 1, yawancin abin da ke kawo nasara ba ya fitowa a talabijin. Yana cikin masana'antar da ɗaruruwan injiniyoyi ke ƙera motar, yana cikin zafin taya da yadda take cinyewa, da yadda iska ke bin jikin mota, da lissafin da masu dabara ke yi a kwamfuta na lokacin da ya dace a shigo a canza taya. Mai kallo mota yake gani tana zagayawa, da hular kwano, da suna. Idan sakamako ya ɓata masa rai, ba zai zagi iska ko taya ba. Zai nemi mai suna da fuska, kuma mafi sauƙin kamawa shi ne wanda ba shi da rundunar masoya da za ta tare masa.

Wannan ɓoyuwar ce kuma ta haifi gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin magoya baya, wato direba ne ko mota ce. Mercedes sun lashe kofin kamfanoni sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, masu ƙin Hamilton suka ce ko waye aka ɗora a wannan mota zai ci. Suna da hujja guda da suke ji da ita: a Disamban 2020, da cutar korona ta kama Hamilton, aka ɗauko George Russell daga Williams ya hau motarsa a Bahrain, ya jagoranci yawancin tseren, kuma ba don rikicin canza taya da faci ba da ya lashe. Da zamani ya juya, Red Bull suka ci tsere 21 cikin 22 a 2023, Verstappen shi kaɗai 19, sai masoyan Hamilton suka ɗauki hujjar nan tak suka mayar wa masu ita. Laifi tudu ne. Gaskiyar ita ce kowane ɓangare na da rabin magana. Fernando Alonso, wanda da wuya a samu mai musun gwanintarsa, rabonsa da cin tsere tun 2013 saboda bai sake samun motar ba. Sai dai kuma motar Verstappen ɗin nan ce Sergio Pérez ke tuƙawa a 2023, biyu kacal ya ci.

Akwai kuma canjin da ya zo daga masu gasar. Shekaru aru-aru tana hannun Bernie Ecclestone, mutumin da bai ɓoye cewa bai damu da kafafen sada zumunta ba, wanda a 2014 ya ce bai ga amfanin neman matasa ba tunda ba su ke sayen agogon Rolex ba. A farkon 2017 kamfanin Liberty Media na Amurka ya saye gasar ya buɗe ƙofofin da Ecclestone ya rufe. A 2019 Netflix ta fara nuna shirin Drive to Survive, wanda ke bin direbobi da shugabannin kamfanoni har bayan fage. Shirin ya jawo sababbin masu kallo masu ɗimbin yawa, musamman matasa da mata da Amurkawa, kuma wannan alheri ne ga wasan. Sai dai ta ƙofar mutane suka shigo, ba ta ƙofar inji ba. An koya musu waye jarumi waye mugu kafin a koya musu dalilin da zai sa taya ta mutu a zagaye 20. Verstappen da kansa ya ƙaurace wa yin hira da shirin na wani lokaci, yana cewa ana ƙirƙirar gabar da babu ita. Ban ce tsofaffin masu kallo waliyyai ba ne, domin zagin da ya fi muni ya girmi Netflix, amma kasuwar da ke sayar da gaba ba za ta yi mamakin samun masu saye ba.

A 2021 an ƙara wani abu da ya zama kamar fetur a wuta: aka fara watsa maganganun da shugabannin kamfanoni ke yi da daraktan tsere ta rediyo, kai tsaye. Duniya ta ji Toto Wolff na Mercedes tun a tsakiyar tseren yana roƙon kada a fito da motar kariya. Ta ji Christian Horner na Red Bull yana cewa zagaye ɗaya kawai suke buƙata. Ta ji Wolff yana kururuwar cewa wannan ba daidai ba ne, Masi kuma ya amsa masa da cewa ai tseren mota aka zo yi. Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa hukunci na wanda ya fi iya matsa wa alƙali ne. FIA ta dakatar da watsa wannan rediyo daga 2022, amma an riga an ji. Shi ma Masi, bayan ya bar hukumar, ya ce an yi ta aiko masa barazanar kisa, shi da iyalinsa.

Kuma Abu Dhabi ba daga sama ta faɗo ba. Shekarar gaba ɗaya tara fushi aka yi ta yi. A Silverstone ta Birtaniya cikin Yuli, motocin Hamilton da Verstappen suka gogi juna a kwanar Copse a zagayen farko, Verstappen ya daki shinge da ƙarfin da aka auna ya kai ninki 51 na nauyin jiki, aka kai shi asibiti a duba shi, Hamilton kuma ya sha hukuncin daƙiƙa 10 amma duk da haka ya lashe ya yi murna a gaban 'yan ƙasarsa. A Monza cikin Satumba motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, ƙarfen kariyar da ke saman kujera ne ya tare masa kai. A Brazil da Jidda aka sake yi. Kowane ɓangare ya iso Abu Dhabi da jerin zaluncin da yake ganin an yi wa gwaninsa.

A nan dole a ambaci abin da wasu ke son tsallakewa. Hamilton shi ne baƙar fata na farko da ya yi tsere a Formula 1, kuma zagin da yake sha ba irin na sauran ba ne. Tun a Fabrairun 2008, a wajen gwajin motoci kusa da Barcelona, wasu 'yan kallo suka shafa baƙi a fuska suna yi masa ba'a. Bayan Silverstone 2021 zagin launin fata ya yi yawa a intanet har sai da Formula 1 da FIA da Mercedes suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna Allah wadai. Wannan ne ya sa ga masoyansa da yawa, har da na nahiyar Afirka wadda rabonta da karɓar tsere tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, abin da ya faru a Abu Dhabi bai tsaya a sashe na 48.12 ba. Ba ni da hujjar cewa launi ne ya sa Masi ya yi abin da ya yi, rahoton hukuma ma bai nuna haka ba, amma wanda ya ga abin da aka yi wa mutumin nan shekara da shekaru ba za a ce masa ya cika zargi ba. A ɗaya ɓangaren, 'yan Holan masu cika filaye da rigunan ruwan lemo suna ganin kafafen yaɗa labaran Birtaniya, waɗanda muryarsu ta fi ƙarfi a wasan, sun ɗauki gwaninsu a matsayin mugun labari. A Meziko a 2022 Verstappen da Red Bull sun ƙi magana da tashar Sky Sports saboda wani ma'aikacinta ya ce an yi wa Hamilton fashin kofi. A shekarar aka yi wa Verstappen ihu a Silverstone, bayan mako guda aka yi shewa a Ostiriya da Hamilton ya daki shinge, aka kuma samu rahotannin cin zarafin mata 'yan kallo a filin.

Zargin haɗa baki kuwa, wanda ke tashi duk lokacin da ƙaramin direba ya shiga tsakanin manya, yana da tushe, kuma 'yan cikin gasar ne suka dasa shi. A Singafo a 2008 kamfanin Renault ya sa Nelson Piquet ƙarami ya daki katanga da gangan domin a fito da motar kariya a lokacin da zai amfani abokin aikinsa Alonso, kuma Alonso ya lashe. Sai bayan shekara guda asiri ya tonu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce haɗari shiri ne ba za a iya ce masa hakan ba ta taɓa faruwa ba. Abin takaicin shi ne a shekarar ta 2008, mai gaskiya ne ya sha duka. A tseren ƙarshe a São Paulo, Felipe Massa na Ferrari, wanda ke takarar kofi da Hamilton, ya ƙetare layi na ɗaya a gaban 'yan ƙasarsa, garejin Ferrari ya ɓarke da murna, sai Hamilton ya wuce Timo Glock na Toyota a kwanar ƙarshe ya samu matsayi na biyar da yake buƙata, ya ɗauki kofi da ratar maki ɗaya, 98 da 97. Glock yana kan tayoyin busasshiyar hanya ne ruwa kuma ya sauko, motar da ƙyar take tsayawa a kan titi. Abokin aikinsa Jarno Trulli, mai irin tayoyin, kusan lokaci ɗaya suka yi a wannan zagaye. Wannan bai hana Glock shan zagi da barazana na shekaru ba. Maguɗin gaske yana Singafo ba wanda ya lura, aka taru a kan Bajamushen da ruwa ya ci.

Wani zai ce ai laifin 'yan intanet ne marasa suna, ba yadda za a yi da su. Abin da ya faru a Katar a ƙarshen Nuwamban 2025 ya nuna ba haka kawai ba ne. Saura kaɗan a tashi, Kimi Antonelli na Mercedes, ɗan Italiya mai shekara 19 a shekararsa ta farko, ya yi kuskure a wata kwana ya fita gefe, Lando Norris na McLaren, wanda ke takarar kofi da Verstappen, ya wuce shi ya koma na huɗu. Nan take injiniyan Verstappen ya faɗa ta rediyo cewa kamar yaron ya kauce ne ya ba da hanya, Helmut Marko, babban mai ba Red Bull shawara a lokacin, ya maimaita zargin a gaban 'yan jarida. Kafin gari ya waye an yi wa Antonelli ruwan zagi da barazana. Washegari Red Bull suka fitar da sanarwa cewa maganar ba gaskiya ba ce, hoton ya nuna motar ce ta ƙwace masa. Bayan mako guda Norris ya zama zakara da maki 423, Verstappen 421. Maki biyun nan su ne bambancin na huɗu da na biyar, kuma da sun yi kunnen doki Verstappen ne zai ɗauka saboda ya fi yawan nasara. Ke nan zargin da aka janye ya samu abin da zai rayu a kai.

Shi ya sa nake ganin yaƙin da hukumomin ke cewa suna yi da cin zarafi a intanet, irin gangamin da Formula 1 ta ƙaddamar a 2022 da wanda FIA ta biyo da shi, ya kama reshe ya bar tushe. Mai zagi a waya ba shi da bayanan da ke cikin mota, ba ya ganin inda direba ya taka birki ko yadda taya ta zame. Injiniyoyi da shugabannin kamfanoni suna da su a gabansu. Idan wanda ke da bayanan ya furta zargi cikin zafin rai, aka kuma watsa muryarsa ga miliyoyi saboda tana jawo masu kallo, neman afuwar da za ta zo washegari ba ta kai rabin inda zargin ya kai ba. Tarar da za ta yi aiki ita ce wadda za ta hau kan mai riƙe da rediyo, da kuma dokokin da za a rubuta yadda darakta ba zai samu wurin karkata su ba ko da duniya na jiran zagayen ƙarshe.

Su kansu direbobin sukan fi masoyansu saurin hucewa. Hamilton ya miƙa wa Verstappen hannu a daren Abu Dhabi, mahaifinsa Anthony ya je ya taya Max da mahaifinsa Jos murna. Amma ba kowa ne ya bar maganar ba. Bayan da Ecclestone ya faɗa a wata hira a 2023 cewa shi da shugaban FIA na lokacin, Max Mosley, sun san da maguɗin Singafo tun kafin kakar 2008 ta ƙare suka yi shiru, Massa ya shigar da ƙara a babbar kotun Landan a Maris 2024, yana neman diyya daga FIA da kamfanin Formula 1 da shi Ecclestone.